Magajiya ce ke cika fili, Alhaji ne ke zuwa majalisa

Duk wanda ya taɓa zuwa gangamin siyasa a filin Kawukudi da ke Accra ya san masu cika shi. Mata ne, da mayafi da anko, kowace magajiya ta jawo ayarinta daga Nima da Maamobi. Su ke dafa abincin taron, su ke guɗa, su ke bi gida-gida ana gobe zaɓe. Amma da ka tambayi abin da ya sa babu tasu a majalisa, sai a ce maka wai addini ne ya hana. Ɗan boko mai neman tallafin Turawa yana faɗin haka cikin tausayi, Alhajin jam'iyya kuma yana faɗi yana shafa gemu. Duka biyun sun raina mana hankali.

Musulmi ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Gana ba, bisa ƙidayar 2021. Majalisar da aka zaɓa a 2020 kuwa mata 40 ne kacal cikin kujeru 275. To matan Kumasi da Cape Coast masu zuwa coci, wane malami ne ya tsare su? Hajiya Alima Mahama ta ci kujerar Nalerigu da Gambaga, ta yi minista, ta yi jakadiya a Amurka. Hajiya Zuwera Ibrahimah ta ci Salaga ta Kudu. A can ma ai salla ake yi.

Cutar tana cikin zaɓen fid da gwani. Jam'iyyu na rage wa mace kuɗin fom, su yi ta tutiya da shi, alhali kowa ya san fom ba shi ne tsadar ba. Tsadar tana wajen wakilan da ake zagayawa da ambulan cikin dare. Matar da ta gina gida da kuɗin koko da ƙosai, ta aurar da 'ya'ya da adashi, in ta shiga wannan zagayen, kafin gari ya waye an ɓata mata suna. Sai a lallashe ta da muƙamin shugabar mata. Tun da aka yanka mazaɓar Ayawaso ta Arewa, inda Maamobi take, a 2012, maza ne ke ta miƙa wa juna ita.

Wani zai ce, in ba addini ne ya hana ba, to me ya ragu ga masu kishinsa? Ga abin da ya ragu. Dokar auren Musulmi ta Gana ta zamanin Turawa ce, tun 1907, kuma ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaurawa. Wa ke yi? An ba da sadaki, an raba goro, an yi walima, an watse. Sai ran da miji ya rasu, dangi suka taso kan gida, matar ta je kotu, a nan take jin cewa aurenta na shekara talatin ba shi da takarda. Rabon da Alƙur'ani ya yanka mata ma sai ta yi ta roƙo. Masu cewa kishin addini suke yi, ban taɓa jin sun cika filin Kawukudi a kan wannan ba.

A 2024 majalisa ta zartar da dokar daidaita rabon muƙamai tsakanin maza da mata, a Janairun 2025 kuma Naana Jane Opoku-Agyemang ta zama mace ta farko mataimakiyar shugaban ƙasa. Madalla. Ni dai jira nake in ga ranar da magajiya za ta ce ba anko, ba guɗa, ba tukunya a wuta, sai an sa sunan tata a takardar ƙuri'a.