Kaɗanya Ba Ta Da Rumbu Sai Gona

Jama'a, kowa ya san amfanin kaɗanya. Mu sha 'ya'yanta, iyayenmu mata su fid da mai daga ƙwallonta, su yi miya, su sayar, har Turawa su saya su zuba a cakulan da man shafawa. Amma ga shi kullum gatari yana binta, saboda gawayinta yana da kyau. Mai sara yakan kayar da ita kafin azahar, alhali kuwa takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa.

Masana kimiyya dai ba su zauna ba. Suna yi mata aure kamar yadda ake yi wa mangwaro, a ɗaura reshen uwa mai yawan 'ya'ya a kan ƙaramin dashe, sai ya haihu da wuri. Akwai kuma dabarar raino a kwalba, inda ake yanko ɗan tsiro a ba shi abinci har ya zama dashe masu yawa. A shekarar 2021 aka bayyana tsarin ƙwayoyin gadon kaɗanya, ana sa ran nan gaba a gane dashe mai kyau tun yana ƙarami.

To, wani zai ce, tun da haka ne mene ne abin damuwa? Ni a ganina damuwar tana nan. Dashen da aka samu daga uwa ɗaya duk halinsu ɗaya, cutar da ta kama ɗaya tana iya share su duka. Dole masana su sami iyaye iri iri da za su zaɓa. Kuma ƙwallon kaɗanya ba kamar gero ba ne. Gero a shanya shi a adana, har a babban rumbun iri na duniya da aka buɗe a Svalbard ta ƙasar Norway a 2008. Ƙwallon kaɗanya kuwa da ya bushe ya mutu. Ashe rumbunta shi ne itacen da ke tsaye a gona, kowane da irin gadonsa.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, kada a sayar wa masu gawayi kaɗanya mai haihuwa. Malaman daji su zaga su yi wa nagari alama. Mu kuwa 'yan makaranta, in an tafi hutu kowa ya shuka ƙwallo biyar tun suna ɗanyu, ya yi musu shinge saboda awaki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu gane, amin.