Yaɗiya ta cancanci wuri a cikin aikin yaƙi da hamada a Damargu

Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Agadas a watan Maris ko Afrilu ya san kamannin Damargu da bazara. Ciyawa ta ƙare, karan hatsi dabbobi sun cinye, iska na kwasar rairayi tana zubawa bisa gonaki. A cikin wannan fari, daga Tanut har Belbeji, akwai tsiro guda da yake nan kore shar. Yana shimfiɗe bisa tudu, ko ya naɗe jikin aduwa da magarya ya hau har ƙoli. Sunansa yaɗiya. Masana tsirrai na kiran ta Leptadenia hastata, kuma tana fitowa tun daga Senegal har ƙasar Habasha.

Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya ba ta ruwa. Saiwarta na nitsewa cikin ƙasa ta samo laimar da hatsi ba ya kaiwa gare ta. In ƴaƴanta suka bushe sai su tsage, iri ya fito da gashi mai laushi kamar auduga, iska ta ɗauke shi ta kai nesa. Inda ta yaɗu kuwa, rairayin da iska ta kwaso yana tsayawa a gindinta, ganye da kashin dabbobi su taru, ƙasa ta fara farfaɗowa. Raƙuma da awaki na cin ta a lokacin da makiyayi ba shi da wani abin ba su.

Matan Tarka da Gangara da Olelewa ba su bukatar a faɗa masu amfaninta. Suna tsinkar sabon ganye da fure, su dafa, su zubar da ruwan ɗaci, su kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono, ko su haɗa da garin hatsi domin tukunya ta ishi gida. A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984, yaɗiya da anza da jiga na cikin abin da ya riƙe rayuka a karkara kafin taimakon cimaka ya iso. Tsofaffi na tune da wannan.

To, a nan ne matsalar take. Da yake yaɗiya ta yi aiki a ranar wahala, sai aka liƙa mata sunan wahala. Wanda ya sami ɗan hali, ko ya zauna birni, sai ya ji kunyar a ga kwaɗonta a akushinsa. A shekarar 2005, lokacin ƙarancin cimaka, ƴan jarida daga Turai sun nuna mata suna tsinkar ganye a daji, suka ce wa duniya ga mutanen da yunwa ta sa cin ganyen itace. Wahala ta wanzu a wannan shekara, ba mai musu. Amma ganyen da aka nuna abinci ne da ake ci ko a shekarar damina mai albarka. Kabeji da salati ma ganye ne, sai dai irin kabeji daga waje ake sayo shi, kuma sai an yi ta jan ruwa daga rijiya mai zurfi kafin su yi.

Bincike ya riga ya wanke ta. A 1998 wasu masana suka auna ganyen tsirrai 7 da ake ci a Nijar, cikinsu har da zogale da yakuwa da jiga da yaɗiya. Sun tarar da abubuwan gina jiki da ma'adinai irin su ƙarfe da kalsiyom, waɗanda tuwo da fura kaɗai ba su bayarwa yadda ya kamata. Yaro da mai shayarwa su ne suka fi bukatar waɗannan, kuma tsakanin ƙarshen rani da fitowar sabon hatsi ne suka fi rasa su.

Akwai masu cewa yaɗiya ciyawa ce mai cin gona, tana danne shuka, tana kuma shaƙe ƙaramin itace. Maganarsu na da tushe. Amma maganin wannan wuƙa ce, a rage rassan da damina, a bar gindin. Iyakar gona, da jikin darni, da tudun da ya riga ya mutu, duk wurare ne da za ta zauna ba ta taɓa hatsin kowa ba. Haka nan ba wanda ya ce ta maye gurbin gero. Ganye ba ya cika rumbu. Masu magani da ita kuma, na ciwo ko na rauni, kada ta hana su zuwa gidan likita.

Tun 1975 ake bikin shuka itace a Nijar ranar 3 ga Agusta. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Shekaru da dama abin da aka fi renowa a gandayen gwamnati shi ne dogon yaro da turare da prosopis, dukansu baƙi, kuma dashe da yawa ba su kai damina ta biyu ba a ƙasar da ruwan shekara ke tsayawa wajen milimita 200 zuwa 300. Abin da ya yi nasara daga baya shi ne sassaben zamani da ya faro a jahar Maraɗi a shekarun 1980, wato manomi ya bar tohon itacen da ke gonarsa ya tattala shi. A Dalli, kusa da Tanut, ƙungiyar Eden ta kafa tashar gwaji a ƙarshen shekarun 1980, ta raba wa manoma irin itatuwan gida masu ba da abinci su shuka kai tsaye ba ban ruwa. Hanyar ke nan da ta dace da yaɗiya, tun da irinta kyauta yake a daji.

Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, don haka Damargu na da hukumomi biyu da za su iya ɗaukar wannan aiki. Ma'aikatan gandun daji su sa yaɗiya cikin irin da ake watsawa a filayen da aka yi wa ramukan rabin wata. Magadan gari da hakimai su ja kunnen masu tumɓuke ta da saiwa domin dabbobi, su yanki sama su bar ƙasa. Malaman yaƙi da jahilci su sa ɗalibansu, musamman mata, su rubuta yadda ake dafa ta da yadda ake shanya ganyen a ajiye, da watan da ya fi dacewa a tara iri, kafin tsofaffin da suka san wannan su ƙare.