Mudu Biyu A Kasuwa Ɗaya

Jama'a, ni ɗalibin Hausa ne, ban karanta shari'a ba. Amma wanda ya ga gobara da idonsa ba ya bukatar digiri kafin ya yi magana a kan toka. A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ni, kullum ina ratsa Titin Kotu, ina ganin masu ƙara rungume da takardu. Ban taɓa zaton maganarsu za ta shigo gidanmu ba, sai da shagon kawuna ya ƙone a Tarauni, tare da na maƙwabcinsa.

Su biyun duk sun yi inshora, kuma hajarsu iri ɗaya ce. Kamfani ya turo mai ƙiyasta hasara, ya faɗi kuɗin da ba su yarda da shi ba. To, a takardar da suka sa wa hannu an ce in an saɓa a kan yawan diyya, kowane ɓangare ya kawo mutuminsa, mutanen nan biyu su zaɓi na uku mai raba gardama, in sun kasa kuwa kotu ta naɗa shi. Aka kasa. Maƙwabcin kawu ya dace da wanda ya san kasuwa, ya zo ya tona toka, ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa kawu aka haɗa shi da wanda bai taɓa taka shagon ba, ya yanke daga ofis. Abin da kawu ya samu bai kai rabin na maƙwabcinsa ba. Na tambaye shi, "Kawu, me kuka yi da shi bai yi ba?" Ya ce, "Ɗana, sa'a ce kawai."

Sa'a? Ashe haƙƙin mutum ya koma caca? A kasuwar hatsi ta Dawanau, in aka kama mutum da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, sunansa macuci. To me za mu kira tsarin da ke auna hasara iri ɗaya da mudu biyu?

Ku duba inda bangon ya tsage. Mai ƙiyasta hasara ba ya aiki sai ya yi rajista da NAICOM, hukumar kula da inshora da aka kafa a 1997. Amma wanda zai hau kansa ya yanke magana fa? Dokar sasanci ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ce kotu ta dubi cancantar da ɓangarorin suka shardanta, ta kuma nemi wanda ba shi da gefe. Madalla. Sai dai takardar inshora kamfani ne ya rubuta ta, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe. Wane ɗan kasuwa aka taɓa zama da shi a tsara sharaɗi? In takarda ta yi shiru, sai kowane alƙali ya bi ganin damarsa.

Na san za a ce a bar wa alƙali hankalinsa. Ban ƙi ba. Amma gardamar nan ta farashi ce, kuma ko a rabon gado alƙali kan aika waɗanda suka san darajar gida su kimanta shi. Wasu kuma za su ce to a ɗauko masu rajista kawai. A nan ma da sauran magana, domin yawancin aikinsu daga kamfanonin inshora yake fitowa, kuma ba a ba kura ajiyar nama.

Abin da nake kira a yi ke nan. A buɗe rajista guda ta masu raba gardama, wadda kowace kotu za ta ɗiba daga ciki bi da bi. Kowa ya nuna shaidar sanin ƙiyasi. Ya bayyana duk wata hulɗarsa da kamfanin kafin ya karɓi aiki. Alƙali ya rubuta dalilin zaɓinsa. A kuma fassara takardar inshora da Hausa.

Kasuwar Sabon Gari ta ƙone a 2016, ta waya da ke Farm Centre ta ƙone a Yunin 2025. Bayan kowace gobara sai a yi ta yi wa 'yan kasuwa faɗa don ba su yi inshora ba. Yaya za su yi, alhali sun ga yadda aka yi da wanda ya yi? A gyara mudu tukuna, sannan a kira masu awo. Allah Ya kiyaye mu da gobara, amin.