Makarantar Tsakar Gida Da Sabuwar Manhaja

Jama'a, a makon nan zancen namu ba zai fita daga unguwarmu a Kubwa ba, domin a nan ne na ga wata makaranta wadda ba ta da allon suna, ba ta da ƙararrawa, ɗalibanta uku ne kacal, amma ta shiga sabon zangon karatu da damuwar da ta fi ta wasu manyan makarantu.

Mai makarantar maƙwabciyata ce, tsohuwar malamar firamare. Ta soma koyar da 'ya'yanta a gida ne a watan Maris na 2025, lokacin da malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya suka shiga yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Fiye da wata uku azuzuwa suna garƙame, sai a watan Yuli aka janye. Da aka buɗe, sauran iyaye suka mai da nasu, ita kuwa ta ce ta ga abin da ya ishe ta. Ɗanta na tsakiya, wanda ya shekara huɗu yana zuwa makaranta bai iya haɗa baƙi ba, a waɗannan watanni ya fara karanta jarida.

Ana cikin haka sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, a ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa, ta ba da sanarwar sabuwar manhaja wadda ta soma aiki daga shekarar karatu ta 2025/2026. An rage yawan darussa: aji ɗaya zuwa uku na firamare tara ko goma, ƙaramar sakandare 12 zuwa 14. An wajabta Tarihin Nijeriya tun daga aji ɗaya har ƙarshen ƙaramar sakandare, bayan shekarun da ya yi a waje. An kuma ware sana'o'i shida da yaro zai zaɓi ɗaya, cikinsu har da ɗinki, da kiwo, da gyaran wayar hannu, da haɗa wuta mai aiki da hasken rana. Ni dai ban ga aibin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya taɓa ɗaga jakar ɗan aji biyu ya san rage darussa jinƙai ne.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Ba a lokaci ɗaya kowane aji ya shiga sabon tsarin ba. An fara ne da masu shiga aji ɗaya da aji huɗu, da ajin farko na ƙarama da babbar sakandare, sauran su ƙarasa da tsohon. Watau a kan tabarma guda, maƙwabciyata tana da yaro a sabuwar manhaja da yaro a tsohuwa. Malamin gwamnati aƙalla yana da hedimasta da sufeto da zai tambaya. Ita kuwa ba ta cikin rajistar kowa, saboda haka babu takardar da za ta iso mata. Ta je kasuwa neman littafin Tarihi, wani mai shago ya miƙo mata tsohon littafi da sabon bango, ya rantse shi ne na yayi. Sai da ta dawo gida ta duba shekarar bugu.

Wani zai ce ai ita ta jawo wa kanta, ta koyar da abin da ta ga dama mana. Ba haka abin yake ba. Ƙofar kwalejojin Gwamnatin Tarayya jarrabawar shiga ce wadda hukumar NECO ke shiryawa, a gaba kuma ga ta WAEC, duka kuwa a kan manhajar gwamnati ake tsara su. Uwar da ta kauce wa manhaja ɗanta ne zai biya a ɗakin jarrabawa.

Ita ma doka ba ta san da zamanta ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala; karo na farko gargaɗi, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. An yi dokar ne domin uban da ya hana ɗansa karatu, ba domin uwar da ke tashi da asuba tana rubuta darasi ba, amma lafazinta bai bambanta su ba. A Ingila doka ta yarda iyaye su ilmantar da yaro a makaranta ko ta wata hanya, muddin ilmin ya wadatar. Mu kuwa, da muka gaji karatun zaure da na 'Yan Taru na Nana Asma'u, bai kamata karatun cikin gida ya zame mana baƙo ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Birnin Tarayya ta buɗe rajistar irin waɗannan gidaje, a riƙa gwada yaransu sau ɗaya a shekara, wanda aka ga yana wasa a tilasta masa mai da su aji. Hukumar NERDC kuma, mai tsara manhaja, ta sa cikakken kundin a inda talaka zai saya da kuɗi kaɗan, da jerin littattafan da ta amince da su.

Hedkwatar hukumar tana Sheda, kan hanyar Lokoja, gaba da Gwagwalada. Maƙwabciyata ta ce ranar Litinin za ta ba yaran aikin lissafi, ta hau mota ta je ta nemi kundin da kanta. Na yi mata alkawarin rakiya.