Shekarar ratse a karatun likita: riba ce ko hasara?

Duk uban da ya sa ɗansa ko ɗiyarsa karatun likita, ɗan kasuwa ne shi ko ma'aikacin gwamnati, yana ƙidayar shekarun karatun nan kamar yadda manomi ke ƙidayar kwanakin damina. Abin da yake jira shi ne ranar da yaro zai fito lokotoro, ya kama aiki, nauyi ya sauka daga kan gida. To amma a ƙasar Ingila da maƙwabtanta akwai wata al'ada ta jami'o'i wadda za ta ba irin wannan uba mamaki: ɗalibi yana tsakiyar karatu, ya gama shekara ta 2 ko ta 3 ko ta 4, sai ya ajiye darussan likita da zagayen gadajen majinyata har tsawon shekara guda, ya shiga ɗakin bincike, ya ɗauki wani diplom na kimiyya daban, daga baya ya komo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Karatun da ya kamata ya ƙare cikin shekara 5 sai ya koma 6. Wannan shekara ita ce za a kira a nan shekarar ratse, domin ɗalibi ratsewa yake yi daga babbar hanya, da niyyar komowa bisa kanta.

A mafi yawan jami'o'in ƙasar zaɓi ne, wanda yake so ya nema. Amma a Okusfod da Kambirij da Edimbara, da manyan makarantun London guda biyu, Imperial da UCL, an ɗinke shekarar cikin tsarin karatun, kowane ɗalibi sai ya bi ta. Diplom ɗin da ake samu daidai yake da lisansi a tsarin Faransa, wani lokaci kuma mastar. Fannonin suna da yawa: ilimin sassan jiki, ilimin magunguna, ilimin ƙwayoyin cuta, ilimin ƙwaƙwalwa, lissafin yaɗuwar cututtuka cikin jama'a, har da tarihin aikin likita da dokokinsa. Ɗalibi yakan saurari darussa na ƴan watanni, sa'an nan a haɗa shi da wani malami mai bincike, a ba shi tambaya guda wadda ba a san amsarta ba tukuna, ya yi aiki a kanta, ya rubuta abin da ya gano, ya kare shi gaban masu jarrabawa.

A nan ne bambancin yake. Karatun likita na yau da kullum hadda ce da koyi: ga cuta, ga alamominta, ga maganinta, ga yadda manya ke yi. Shekarar ratse kuwa tana koya wa ɗalibi ya tambayi ta yaya aka san haka. Ɗan kasuwar Maraɗi mai sayen gyaɗa ba ya yarda da abin da aka shimfiɗa a bakin buhu, sai ya cusa hannu har ƙasa, kuma ba buhu ɗaya yake dubawa ba. Aikin mai bincike ke nan. Idan aka ce magani yana warkarwa, zai so ya ji mutum nawa aka ba, da wa aka gwada su, kuma nawa ne za su warke ko da ba a ba su kome ba.

Wannan hanya a Ingila ta kafu. A shekara ta 1948 aka buga sakamakon gwajin maganin tarin fuka mai suna sitireptomisin, wanda masanin lissafi Ostin Baradfod Hil ya tsara. An ɗauki majinyata 107, aka raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a domin kada son zuciyar lokotoro ya shiga zaɓen: 55 suka sami maganin tare da hutun gado, 52 suka sami hutun gado kaɗai, wanda shi ne jinyar da aka sani a lokacin. Bayan wata 6, mutum 4 suka rasu a kashin farko, 14 a kashi na biyu. Tun daga nan raba majinyata da ƙuri'a ya zama ma'aunin da duniya ke auna sabon magani da shi. Ɗalibin da ya yi shekara guda yana koyon wannan, da neman yardar majinyaci kafin a sa shi cikin gwaji, da yadda alƙaluma ke yaudarar mai gaggawa, ba zai zama lokotoron da wakilin kamfanin magunguna zai ruɗa da takarda mai ƙyalli ba.

Masu goyon bayan tsarin suna da tarihi a hannunsu, domin abubuwa da dama da likita ke taƙama da su a yau ɗalibai ne suka fara ganin su. A shekara ta 1869, a birnin Balin na Jamus, wani ɗalibi mai suna Pol Langahans, yana aiki a ƙarƙashin babban malami Rudolf Firko, ya lura da wasu ƙananan tarin ƙwayoyi cikin gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, wadda ake kira pankireyas. Ya bayyana su cikin tez ɗinsa ba tare da ya san amfaninsu ba. Sai bayan shekara 52, a 1921, a birnin Toronto na Kanada, Firedirik Bantin da mataimakinsa Cals Best, saurayi ɗan shekara 22 da ya gama diplom na ilimin aikin jiki bai kuwa zama lokotoro ba, suka ciro sinadarin da ƙwayoyin nan ke fitarwa. Shi ne insulin. A watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai ciwon suga allurarsa, ya tashi. Da aka ba Bantin kyautar Nobel a 1923 aka bar Best, sai ya raba kuɗɗin kasonsa da shi. Best bai karɓi diplom na likita ba sai a 1925.

Haka nan a 1906, a wani ƙauye na yankin Kent a Ingila, ɗalibi Matin Filak yana taimakon malaminsa Ata Kis lokacin hutu. Yana duban zuciyar wata ƴar dabba mai zama cikin rami a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya ga wani ɗan ƙulli a saman ɗakin dama na zuciyar. Suka bi sawu cikin zukatan sauran dabbobi da ta ɗan adam, suka same shi a ko'ina, suka buga labarin a 1907. Ƙullin nan shi ne makaɗin zuciya, daga gare shi kowane bugu ke tashi. Duk lokotoron da ke karanta takardar awon zuciya a yau, aikin ɗalibin nan yake karantawa.

Sai dai ba kowane ɗalibi ke zama Best ko Filak ba, kuma masu sukar tsarin suna da hujja mai nauyi. Ta farko kuɗɗi. Kuɗin makaranta na ɗan ƙasa a Ingila ya tsaya bisa fam 9,250 a shekara daga 2017, aka ƙara shi zuwa fam 9,535 a 2025, wato kimanin sefa miliyan 7, ban da haya da abinci. Baƙon ɗalibi kuwa yana biyan ninkin wannan sau da dama. Ko da hukuma ta ɗauki wani kaso, ɗalibi ya jinkirta albashinsa na farko da shekara guda, bashinsa kuma ya ƙaru. Saboda haka ɗan mai hali ya fi samun sukunin ratsewa bisa ɗan talaka, ko da ɗan talakan ya fi shi kai. Hujja ta biyu ita ce asibitoci suna jiran hannu, duk shekarar da aka ƙara wa ɗalibi an rage ta ne daga majinyata.

Hujja ta ukku ita ce ta fi tona asiri. Shekaru da dama, idan sabbin lokotoro suka zo neman wurin aikinsu na farko, ana jera su bisa maki 100, cikinsu har maki 5 na ƙarin diplom da 2 na rubutun bincike da aka buga. Ɗalibai da yawa ba son bincike ya kai su ratse ba, makin nan suke bi, domin shi ke iya raba mutum da turawa garin da ba ya so. A watan Disamba na 2020 hukumar da ke rabon wuraren ta ba da sanarwar soke makin tun daga rabon 2023, tana cewa ya fi amfanar masu kuɗɗi. Ƙungiyar lokotorin ƙasar da shugabannin makarantun likita suka yi ƙorafi, musamman saboda ɗaliban da suka riga suka kashe shekararsu da kuɗɗinsu. A 2024 ma sai aka watsar da jerin makin gaba ɗaya, na'ura ce ke ba kowa lambar layi kamar ƙuri'a. Yanzu wanda ya ratse, in ba a jami'ar da ta tilasta ba, ya ratse ne don abin da zai koya da kuma amfanin da zai yi masa can gaba.

Abin da ke damun magabatan jami'o'i shi ne ƙarancin mutanen da suka iya hannu biyu, wato duba majinyaci da safe da shiga ɗakin bincike da marece. Damuwar ba sabuwa ba ce. Tun 1979 wani babban malamin likita na Amurka, Jems Wingadin, ya yi gargaɗi cewa irin waɗannan mutane suna kan hanyar ƙarewa. Kowace ƙasa ta nemi dabararta. Amurka ta kafa tun 1964 wani tsari da gwamnati ke biyan kuɗin makaranta da na aljihu ga ɗaliban da ke haɗa diplom na likita da doktora na kimiyya, karatun da kan ci kimanin shekara 8. Kambirij ta buɗe irinsa a 1989, UCL a 1994. Faransa ta kafa lakkwal ta hukumar bincike ta Inserm a 2003, inda ake tsince ƴan kaɗan daga ɗaliban shekara ta 2 ta hanyar konkur, a ba su horon kimiyya, su dakatar da karatun likita su yi mastar, wasunsu har doktora. Abin lura shi ne a Amurka da Faransa ba kowa ake ɗauka ba, wanda aka ɗauka kuma ba aljihun ubansa ake dogara da shi ba.

Ƙasar Nijar ta gaji tsarin Faransa. Tun 1974 ake horar da lokotoro a Yamai, daga baya jami'o'in Maraɗi da Damagaram suka buɗe nasu sassan, kuma ɗalibi ba ya fita sai ya rubuta tez ya kare shi gaban malamai. Wato irin binciken yana nan an shuka, ban-ruwa ne ke da wuya. Tarihin Faransa kansa ya nuna abin da kan sami tez idan babu mai riƙe ta. A 1897 a birnin Liyon, ɗalibin likitan soja Ernes Dushen, ɗan shekara 23, ya nuna cewa wani irin fumfuna yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har ya gwada bisa dabbobi. Ba wanda ya kula, ya tafi aikin soja, ya rasu a 1912. Sai a 1928 Alekzanda Filemin ya sake faɗawa kan maganar a London, aka sami penisilin.

Ƙasar da ba ta da lokotoro 1 ga mutum 10,000 ba za ta iya tsayar da dukan ɗalibanta shekara guda kamar Okusfod ba. Amma tambayoyin da ke bukatar amsa a ƙofar gida suke, kuma an riga an ga abin da bincike a nan ke haifarwa. A 2003, lokacin annobar sanƙarau a yankunan Maraɗi da Damagaram, an gwada allura guda ta seftiriyakson da tsohuwar allurar kuloramfenikol mai mai, aka tarar sabuwar ba ta kasa tsohuwar ba. A Madarunfa, daga 2014, cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin zawon yara mai jure zafi bisa jarirai fiye da 3,500, sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya rage mummunan zawon da ƙwayar rota ke haddasawa da kimanin kashi 67 cikin 100, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A Yamai akwai cibiyar CERMES wadda ta daɗe tana bin sawun sanƙarau. Waɗannan ayyuka za su ci gaba da zuwa. Maganar ita ce wa zai tsara tambayar, wa zai riƙe alƙaluman, sunan wa zai zo a farkon takardar.

Darasin Ingila kashi biyu ne. Idan aka mai da shekarar bincike hanyar tara maki, ranar da makin ya tafi sai a ga waɗanda suka zo dominsa, idan kuma aka bar kuɗinta bisa iyaye, masu hali kaɗai za su shiga. Abin da ya dace da ƙasa mai ƙaramin ƙarfi shi ne a tsinci ɗalibai ƙalilan kowace shekara bisa cancanta, a ba su bursu cikakke, a haɗa kowannensu da malami da ɗakin bincike na gaske, a kuma tanadi muƙamin da zai haɗa asibiti da jami'a domin kada a horar da su wata ƙasa ta kwashe. Wannan aikin ma'aikatun ministocin lafiya da na ilimi mai zurfi ne, amma babu abin da ya hana attajiran da ke gina makarantu da rijiyoyi su ɗauki nauyin ɗalibi guda ko biyu. Uban da ɗansa ya zo masa da maganar ratse kuwa, kafin ya ce i ko a'a, ya tambaye shi abu ukku: wace tambaya zai bincika, wane malami zai riƙe shi, kuma wa zai biya. In amsoshin sun tsaya da ƙafafunsu, sannu ba ta hana zuwa.