FILIN LAFIYA: Ciwon Wuya Da Shanyewar Ɓarin Jiki

Wata takarda ta iso mana daga Bacirawa, ƙasar Kano. Mai ita ya ce, "Yaya a ke yi saurayi majiyin ƙarfi, wanda ba shi da hawan jini, a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye? Mutanenmu sun ce iska ce ta buge shi. Ko gaskiya ne?"

To, Malam, mun gode. Matambayi ba ya ɓata, ga amsa.

Jijiyoyi huɗu ne manya ke kai wa ƙwaƙwalwa jini ta wuya, biyu a gaba, biyu ta cikin ƙashin wuya. Kowace jijiya bangonta ninki uku ne. Wani lokaci na cikin ya kan tsage, jini ya kutsa tsakani, kamar yadda ruwan damina ke shiga tsakanin yaɓe da katanga. Sai hanyar jini ta ƙuntata, ko kuwa gudan jini ya haɗu a wurin, ya ɓalle, ya tafi ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Nan ne jiki ke shanyewa. Cikin waɗanda ba su kai shekara 50 ba, likitoci sun iske wannan tsagewa ita ce sanadin kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na shanyewar da toshewa ke kawowa.

Abin da ke jawo ta sau da yawa ba ya kai a kula. Ga kokawa, ga dambe, ga faɗuwa daga babur, ga murɗa wuya don ya yi ƙara. Wata kuwa haka kawai ta ke zuwa. Alamarta ta fari ciwon wuya ne ko ciwon kai na ɓari ɗaya, irin wanda mutum bai saba ba. Wani fatar idonsa ɗaya ta kan sauko. Wani ya riƙa jin bugun jini a kunne. Shanyewar takan biyo bayan sa'o'i, ko kwanaki.

Yaya likita zai gane? Da hoto. Wani Bature na Ingila, Godfrey Hounsfield, ya ƙago na'urar CT, aka fara ɗaukar mara lafiya da ita a Landan cikin 1971. Ita ke nuna ko jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, ko kuwa toshewa ce. Amma hoton kai kaɗai ba ya isa, domin tsagewar tana ƙasa, a wuya. Sai an ɗura wani ruwa ta jijiyar hannu, a ɗauko wuyan duka, sa'an nan a ga jijiyar ta sirance kamar zare. Na'urar MRI kuwa ta kan nuna jinin da ya maƙale a bango, ya lanƙwashe kamar jinjirin wata. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana cikin wuraren da a ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

In an gane da wuri, akwai sauƙi. A 2015 an bayyana wani bincike na Ingila da Ostareliya a kan mutum 250 masu wannan ciwo. An ba su maganin hana jini guda, mutum huɗu kaɗai shanyewa ta sake kamawa cikin wata uku.

Saboda haka, jama'a, kadan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya turare da tausa. Allurar narkar da gudan jini galibi cikin sa'a huɗu da rabi a ke yinta. Kada a ba shi asfirin a gida kafin hoto, don in jini ne ya zuba, ƙara ɓarna zai yi. A kuma gaya wa likita in ya faɗi, ko wuyansa ya yi ciwo cikin kwanakin nan. Wannan kalma ɗaya ita za ta sa ya duba wuya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa.