Mu Duba Halitta: Sarauniyar da Ba Ta Tashi Sama

Dukanmu mun san karin maganar nan, in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Wani yaro a ajinmu ya tambaye mu ko gaskiya ne. To, bari mu duba.

A gidan tururuwa akwai iri uku. Akwai ma'aikata, dukansu mata ne, amma ba su haihuwa. Akwai sarauniya, wadda aikinta saka ƙwai. Akwai kuma maza. Masu fiffiken da muke gani bayan ruwan farko su ne mazan da sababbin sarauniyoyi, sun fito barbara. Namiji in ya yi barbara sai ya mutu. Sarauniya kuwa ta kakkarya fikafikanta, ta haƙa rami, ta kafa gida ita kaɗai. Amma tsuntsaye da ƙadangaru sukan cinye yawancinsu tun ba su kai ga haka ba. Ashe magabata sun lura da kyau.

Akwai wata 'yar ƙaramar tururuwa mai kama da kiyashi da ta kauce wa wannan hatsari. Ana ce da ita tururuwar Ajantina, gama asalinta bakin kogin Parana ne a Amurka ta Kudu. Sarauniyarta ba ta tashi sama, a cikin rami ake barbararta. Gida ɗaya yakan riƙe sarauniyoyi da yawa. Sa'ad da wuri ya yi musu kaɗan, sai wata ta fita da ƙafa, ma'aikata suna biye da ita ɗauke da ƙwai, su tare a gaba kaɗan. Sabon gida da tsohon ba su faɗa, watau sun zama gari ɗaya.

Da ƙafarta ba ta wuce kamar mita 150 a shekara. Mutum ne yake ɗaukarta cikin kaya da ƙasar tukwanen shuka. A 1891 aka gan ta a birnin New Orleans na Amurka. A 2002 masana suka ba da labarin garinta guda da ya miƙe kilomita 6,000, daga Italiya har gaɓar tekun Atlantika a Sifen. Inda ta sauka takan kori tururuwar ƙasar, ta kuma yi kiwon ƙwarin da ke tsotse itatuwan lemo.

Wasu irin kiyashin da ke damunmu a kwanon sukari haka su ma suke yaɗuwa. Kadan muka fesa wa jerin ma'aikata magani, sarauniyoyi suna nan a ɓoye, har gidan yakan rabu kashi kashi. Abin da ke aiki shi ne maganin da aka gauraya da abinci, wanda ma'aikata za su kai wa sarauniya da kansu. Sai dai a ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Sai wata mai zuwa, mu duba gidan gara.